Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Maradi: Wa Za A Tambaya Idan Ɗan Lakwal Bai Iya Karatu Ba?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maradi,



Ranka shi daɗe, ina roƙon Allah Ya taya ka riƙon wannan jiha, Ya kare ka da mutanenka daga sharrin masu ɗaukar bindiga da suka addabi ƙauyukanmu na bakin iyaka. Ni tsohon malamin firamare ne, na sha ƙurar alli har ƙarfi ya ce a huta. Na rubuto a fili ne domin maganar ta iyayen yara ce, kuma ya kamata su ji abin da aka faɗa da sunansu.

Tambayata ɗaya ce. Yaro ya shiga ajin farko, CI, yana ɗan shekara shida ko bakwai, ya yi ta ɗaukar jaka har ajin ƙarshe, CM2, ya fito bai iya karanta wa mahaifiyarsa takardar asibiti ba, bai iya lissafa ribar buhun wake ba. Wa za a tambaya?

Idan uba ya tunkari direkta, direkta zai ce masa aji shida yake da su, malamai huɗu aka turo, kuma ba shi ke turo malamai ba. Idan ya wuce wurin sufeton makarantu, sufeto zai ce sa ido ne aikinsa, gini da benci na meri ne, wato ƙaramar hukuma. A meri za a nuna masa takardar da ta ɗora musu nauyin makarantu, a ce kuɗin ɗaukar nauyin ba su iso yadda aka rubuta ba. Ma'aikatar ilimi kuma tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Kowa cikinsu yana da gaskiya a bakinsa, amma uban zai koma gida ba tare da ya sami mutum ɗaya da ya ce masa laifin nasa ne, kuma ga abin da zai yi ba. Wannan shi ne ciwon makarantunmu, kuma ya fi rashin kuɗi tsanani, domin ko an kawo kuɗin, a irin wannan tsari sai su zurare ba wanda ya san ta inda suka bi.

Ba ƙirƙirar matsalar na yi ba. A 2014 binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya sa Nijar a can ƙasa cikin ƙasashe goma: ko ɗaya cikin goma na yaran da ke kammala firamare bai kai mizanin karatu ba. A 2019 an sami ci gaba, aka kai wajen uku cikin goma a karatu, lissafi kuwa bai kai haka ba. A yaba wa malaman da suka yi wannan ƙoƙari. Sai dai ma'anarsa ita ce, a aji mai yara sittin, wajen arba'in suna fita hannu rabbana bayan shekara shida. Jiharmu kuwa tana cikin masu yawan jama'a da yawan haihuwa a ƙasar nan; tun ƙidayar 2012 mun haura miliyan uku. Kowace damina sai ta bar mana sabon ayarin yara a ƙofar CI.

Na zaɓi in yi magana a kan birnin Maradi da Tibiri da Jiratawa saboda a nan ne ake ganin wannan rarrabuwar nauyi ƙuru-ƙuru. Garuruwan uku kusan gari ɗaya ne a rayuwar yau da kullum. Mushe yana kwana a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, da safe ya hau babur zuwa makarantarsa a ƙasar Tibiri. Mai zogale da tumatir ya taso daga Jiratawa ya ci kasuwar Maradi ya koma kafin la'asar. Sababbin unguwanni na ta cin gonaki, har mutum bai san inda birni ya ƙare ƙauye ya soma ba. Amma a takarda, Maradi birni ne mai da'ira uku, Tibiri tana ƙarƙashin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa kuma ƙarƙashin Madarunfa. Kowace da merinta, da sufetonta, da lissafinta. Ofishi ɗaya tak ke iya tara su a tabarma guda ya tambaye su, shi ne naka.

Akwai kuma wani dalili. Dokar 26 ga Janairu 2016 ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na harkar ilimi, tare da lafiya da ruwa da muhalli. A lokacin, idan bangon aji ya tsage, mutanen gari suna da kansila da suka zaɓa, suna iya tare shi a masallaci ko a wurin suna su yi masa ƙorafi. Tun watan Afrilu 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, an naɗa kantomomi. Ban zo yin gardama a kan wannan mataki ba. Abin da nake nunawa shi ne, kantoma yana kallon wanda ke sama da shi ne, kuma a jihar nan kai ne a sama. Nauyin da ke kan kansiloli jiya, na tambayar ina kuɗin makaranta suka shiga, yau ya dawo kan teburinka.

Ranka shi daɗe, bari in bi hanyar kuɗin, don a ga inda suke maƙalewa.

Gwamnatin tsakiya tana biyan albashi, kuma albashi ke cinye mafi yawan abin da ake ware wa firamare. Gini da gyara da benci sun rataya ne a kan meri, da asusun ANFICT mai tallafa wa ƙananan hukumomi, da masu ba da agaji. A 2017 an kafa asusun haɗin gwiwa na ilimi, FCSE, domin kuɗin ƙasa da na abokan hulɗa su bi ta hanya ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu daga cikin masu ba da tallafi sun ja hannu, kowa ya san haka. Meri kuma da me take rayuwa? Da lanho, da tikitin kasuwa da na tasha, da kuɗin filaye. A ƙaramar hukumar karkara, idan aka biya ma'aikata aka sayi mai, abin da ya saura ba ya gina aji goma. Don haka a ƙarshe kaya na sauka a kan wanda ya fi kowa rauni: uban yaro, wanda dokar ƙasa ta ce masa karatun firamare kyauta ne. Shi ke ba da ɗari biyu ko ɗari biyar na kwamitin makaranta, shi ke sayen kaye da bik, shi ke kawo kara da zana da itace a kafa rumfar da za a kira ta aji.

Wannan rumfar ta ci mana rayuka. Ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta tashi a azuzuwan zana na makarantar AFN a nan cikin Maradi, yara aƙalla 25 suka rasu, yawancinsu 'yan shekara biyar zuwa shida. Wata bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan gobara ta halaka yara wajen 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Gwamnatin lokacin ta hana sa yaran rainon farko a ajin zana, ta kuma faɗi da bakinta cewa irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen 36,000 a faɗin ƙasa. An yi gine-gine tun daga lokacin, ba a musu. Amma duk wanda ya bi hanyar Tibiri ko ta Jiratawa a watan Disamba zai ga rumfunan da idonsa.

Kuma ko wuta ba ta tashi ba, ajin zana yana satar karatu kowace shekara. Ana buɗe makarantu a Oktoba, alhali kara ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, iyaye kuma ba su da sukunin kafa rumfa sai sun kai amfanin gona rumbu. Sai a kai Nuwamba kafin yaro ya zauna. Da hadarin farko ya taso a ƙarshen Mayu, iska ta kwashe zana, shekara ta ƙare. Yaron da ke ajin siminti da wanda ke ajin kara, manhaja ɗaya aka ba su, jarrabawa ɗaya za su yi, amma an yanke wa na biyun wata biyu ko fiye. Yawanci kuma CI da CP ake turawa rumfa, a bar wa manya ginin kirki, alhali a waɗannan azuzuwa biyu ne yaro ke kama karatu ko ya kuɓuce masa har abada. A 2024 ma ambaliya ta ƙara mana: ruwan ƙarshen Agusta ya rushe gidaje a Maradi, mutane suka fake a makarantu, aka ɗage komawa aji a duk ƙasa zuwa 28 ga Oktoba.

Sai maganar malamai. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasar nan ta dogara da malaman kwantaragi domin ta buɗe makarantu da yawa da kuɗi kaɗan. Alawus ɗinsu ya daɗe a kan jika 75 a wata, kuma sau da yawa ba ya zuwa a kan lokaci. Yawancin yajin aikin da muka sha gani daga nan ya samo tushe. A 2017 aka yi musu gwaji, wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. An yi ta yi musu dariya a gari, amma ba su suka ɗauki kansu aiki ba, kuma ba su suka hana kansu horo ba. Ga makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo a cikin garin nan, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ga tarukan CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su koya wa juna dabarun aji, waɗanda ke mutuwa duk lokacin da aka rasa kuɗin mota da na abinci. Mai ba malamai shawara yana da makarantu masu yawa a wuyansa, amma idan babu mai a babur, daga ofis zai rubuta rahoto.

Rabon malaman ma akwai gyara. A wasu makarantun birni za ka tarar da malamai sun fi azuzuwa yawa, a ƙauye mai tafiyar rabin awa kuma mushe ɗaya na riƙe da aji biyu. Ba na zargin malama da ta nemi zama kusa da mijinta da 'ya'yanta, ko malamin da ke tsoron kwana inda masu satar mutane ke yawo. Amma yaron ƙauye bai yi laifin da za a bar shi ba malami ba. Idan gari ya ba malami ɗaki mai ƙofa, hukuma ta biya shi a kan kari, aka yi rabon a fili ba tare da ɗan gata da ɗan bora ba, yawancin malamai za su tafi.

Ana yawan cewa mutanenmu ba su son boko. Ranka shi daɗe, a dubi makarantun allo da islamiyyu na Maradi da Tibiri, cike suke safe da yamma, kuma iyaye na biyan kuɗin Laraba ba tare da an aika musu ɗan sanda ba. Dalili a bayyane yake: uba yana jin ɗansa na biya karatu da dare, ya san izu nawa ya kai, ya san malamin da zai je wa idan yaro ya tsaya wuri ɗaya. A lakwal kuwa ana miƙa masa takardar maki da harshen da ba ya karantawa. Wanda ke da hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Wanda ba shi da shi, idan ya ga shekara huɗu ba abin da ya canja, sai ya ce gara gona ko kasuwa, 'yar kuma gara ɗakin miji. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na matan jihar nan an aurar da su kafin shekara 18. Dokar Disamba 2017 mai kare karatun 'ya mace tana nan, amma abin da zai fi riƙe yarinya a aji shi ne uwarta ta ga tana karanta mata saƙon waya, tana rubuta mata lissafin adashi.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, kayan gyaran suna hannunmu tun da daɗewa. Kwamitin makaranta da kowa ke kira Kojes, wanda a takarda ya koma CGDES, a jihar Tawa aka fara ƙarfafa shi a 2004 da taimakon hukumar JICA ta Japan, aka yaɗa shi ko'ina a ƙasa a 2007, har wasu ƙasashen Afirka suka zo suka koya daga gare mu. Tsarinsa mai sauƙi ne: a zaɓi shugabanni da ƙuri'ar sirri, a tara gari a tsara aikin shekara, a dawo a ba da lissafi. Inda aka riƙe shi da gaskiya ya yi aiki. Inda ya lalace kuwa, za ka tarar shugaba ɗaya ya shekara goma ba zaɓe, ma'aji bai iya karatu ba, direkta ke riƙe da littafi da hatimi, taron gari kuma ya koma ranar karɓar kuɗi kawai.

Manomin fadamar Jiratawa ya san kuɗin ruwan da ƙungiya ke karɓa a hannunsa bayan kowane girbi, kuma idan famfo ya tsaya kwana uku, ba ya jiran kowa kafin ya je ya tambayi dalili, domin yana ganin shukarsa na bushewa. Mutumin nan shi ne uban ɗan lakwal. Bai rasa wayon bin haƙƙinsa ba. An dai ɓoye masa lissafin makaranta ne, kuma bushewar karatu ba ta nunawa a ido sai bayan shekaru.

An gwada buɗe lissafi a wani wuri an ga amfaninsa. A Yuganda, wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin ɗari kawai na kuɗin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare don hidimar yau da kullum ke isa hannunsu. Saura na narkewa a ofisoshin gunduma. Sai gwamnati ta riƙa buga abin da ta aika a jaridu, ta kuma wajabta a manna shi a makarantu. Zuwa 2001, fiye da kashi 80 na isa. Ba a yi wani sabon haraji ba, an dai bar iyaye sun ga adadin.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga roƙona, kuma duk a cikin ikonka yake. A fara da ƙaramin yanki: Tibiri, Jiratawa, da da'ira ɗaya ta bakin birnin Maradi, na tsawon shekarar karatu biyu.

Na farko, kowace makaranta ta sami allon bayani a jikin bango, inda mai wucewa zai gani, a rubuce da Hausa. A sa kuɗin da suka shigo, daga ina, wace rana, da abin da aka yi da su. Malamai nawa aka turo, nawa ke zuwa. Littattafai nawa aka kawo. Kwana nawa aka yi karatu a watan. Kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, kuma tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da ita a Damagaram. Babu hujjar a ci gaba da ba iyaye lissafin 'ya'yansu da harshen da sai an yi musu tafinta.

Na biyu, sau uku a shekara a yi wa yaran CP da CE ɗan gwaji a gaban wakilan iyaye da na ƙungiyar uwaye: wa ya san baƙaƙe, wa ke haɗa kalma, wa ke karanta jimla, wa ke iya tarawa da ɗebewa. A karanta sakamakon a taron gari, ba tare da kiran sunan yaro ko tozarta malami ba. Sannan a raba yaran bisa inda kowa ya tsaya, a riƙa yi musu ƙarin awa da yamma. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da wannan dabara, kuma an riga an gwada irinta a makarantun Nijar ta hannun kwamitocin iyaye. Abin da take buƙata alli ne, da littafin atisaye, da mutumin da zai tsaya.

Na uku, kowane kantoma ya bayyana a rediyo abin da ya ware wa firamare a kasafinsa da abin da ya kashe a zahiri, ya kuma fitar da jerin makarantun da za a gina wa aji bi da bi, a fara da masu ƙananan yara a rumfa. Kafin ginin ya zo, a ba da umarni CI da CP su koma azuzuwan siminti, manya su yi haƙuri da zana, a kuma nisanta masu tuya da wuta daga rumfuna. Inda dole sai an kafa rumfa, meri ta tanadi zana tun Satumba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sababbin unguwanni kuma a tsare filin makaranta da takarda da shinge tun kafin a raba fuloti. Idan jerin ya fito fili, alhazan Maradi, waɗanda ba su taɓa gajiya da gina masallatai da rijiyoyi ba, za su san inda aji ɗaya na sadaka zai fi amfani.

Na huɗu, a sake duba rabon malamai tsakanin birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a manna sakamakon a ofishin kowane sufeto. A ware man babur na masu ba malamai shawara, a nemi rahoton ziyara mai ɗauke da sa hannun shugaban Kojes. Idan alawus ɗin 'yan kwantaragi ya makara, muryarka ta fi tasu isa Yamai da wuri.

Na biyar, a sabunta zaɓen kwamitocin da wa'adinsu ya wuce, sannan duk bayan wata uku ka zauna da kanka, wannan karo a Tibiri, na gaba a Jiratawa, da kantomomi da sufetoci da shugabannin tarayyar kwamitoci da wakilan malamai. A gayyaci wakilan Mai Martaba Sarkin Gobir da na Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi, da limamai, domin maganarsu na shiga inda takardar hukuma ba ta shiga. Tambaya ɗaya za a riƙa yi a kowane zama: yara nawa suka iya karatu yanzu waɗanda ba su iya ba a zaman baya? Kuma a tabbatar wa talaka cewa wanda ya tambayi lissafi ba za a ɗauke shi ɗan tawaye ba.

Na san tsaro ya cinye hankalin hukuma da aljihunta, ga 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina da jihar nan ke ɗauke da su tun 2019, kuma 'ya'yansu ma aji suke nema. Shi ya sa ban roƙi biliyoyi ba. Yawancin abin da na lissafa, fenti ne da alli da umarni daga ofishinka. Idan bayan shekara biyu allunan bango sun nuna ba abin da ya canja, a watsar da shawarata, a nemi wata. Idan kuwa sun nuna ci gaba, to Dakoro da Mayahi da Tasawa da Agye da Gazawa za su sami abin koyi daga cikin gida.

Ina roƙon ka ba da amsa a fili kamar yadda na rubuto a fili, ko da a rediyon jiha ne, ka faɗi wanda za ka ɗora wa wannan aiki da ranar da za a fara. Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya zaunar da Maradi da Nijar lafiya, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon mushe, kuma kakan 'yan lakwal,
Maradi.